Wa ya fara son kai, Sarki Liya ko 'ya'yansa?

Aminu: Salamu alaikum. Jiya na gama karanta wasan kwaikwayon King Lear (Sarki Liya) na Shakespeare, kuma ina nan a kan bakana: uban ne ya rusa gidan nan tun kafin manyan 'ya'yansa mata, Gonaril da Rigan, su sa hannu. Tsoho ya haura tamanin, ya tara fada, ya shimfiɗa taswira, ya ce wadda ta fi iya faɗin irin son da take masa ita ce da kaso mai tsoka. Autarsa Kodeliya ta ƙi daɗin baki, ta ce tana son sa gwargwadon hakkin uba a kan 'yarsa. Nan take ya ce ba shi ba ita, ya raba wa yayyenta rabonta. Bafadensa Kent ya ba shi haƙuri, shi ma aka kore shi daga ƙasar.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Haba Aminu, ka yi wa tsohon nan rashin adalci. Me ya nema bayan ya ba su ƙasa? Jarumai 100 da zama wata-wata a gidan kowacce. Gonaril ta rage su zuwa 50, Rigan ta ce 25, suka yi ta ragewa har Rigan ta ce ko ɗaya ma me zai yi da shi. Aka rufe ƙofa ruwa na tsugawa, ubansu na yawo a daji ba ko hula. Shekara biyu na yi jinyar mahaifina, wani lokaci na kai masa kunu ya ture kofin ya zube a kan zanina. Na yi kuka, amma ban taɓa tunanin barin sa a waje ba.

Aminu: Allah ya saka miki da alheri, Malama. Amma ki duba, ya sauke nauyin mulki ya riƙe sunan sarauta. Wa zai iya da baƙi ɗari masu takobi a gidansa?

Baba Isa: Yaran nan kun manta da gidan Gulosta, wani bafaden Liya. A fitowar farko, gaban Kent, yake raha da yadda aka samu ɗansa Edman ba ta hanyar aure ba, yaron na tsaye. Edman ya rubuta wasiƙar ƙarya da sunan wansa Edga, uban ya yarda cikin gaggawa. Aminu na da gaskiya a nan.

Malama Hadiza: To Baba, ai shi ma Edga an zalunce shi, har farautarsa aka yi. Da Konwal mijin Rigan ya ƙwaƙule wa Gulosta idanu, wa ya riƙe hannun makahon? Edga ne, cikin tsumma. Kodeliya da aka aurar wa Sarkin Faransa ba ko sisi ta dawo da rundunar Faransa don ubanta. Su kuwa manyan, a kan Edman ɗin nan Gonaril ta sa wa ƙanwarta guba, sannan ta kashe kanta. Wannan ma uban ne ya koya musu?

Aminu: A kan gubar kam na sallama. A kan taswira ban sallama ba. Ba don ita ba, da Liya bai fito rungume da gawar Kodeliya yana neman madubi ya ga ko tana numfashi ba.

Baba Isa: Wurin nan ya yi wa mutanen Ingila nauyi. A 1681 wani marubuci, Nahum Tate, ya sauya ƙarshen wasan, Kodeliya ta rayu ta auri Edga, aka shafe kusan shekara 150 ana nuna nasa. Malama, in an yi isha'i ki kawo mana maganar wawan sarki, shi kaɗai ya riƙa gaya wa Liya gaskiya ba a kore shi ba.