Abin da aka tattara daga muhawarar yaƙin basasan Amurka

To jama'a ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan ko batun bayi ne ko 'yancin jihohi ya sa jihohin Kudu suka ɓalle daga Amurka. Shawarar da ta fi yawa ita ce, kafin ka ce wai 'yancin jihohi ya sa Kudu ta ɓalle, je ka karanta takardun da jihohin suka fitar da kansu. Jihar South Carolina ce ta fara fita a Disamba 1860 bayan Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa, kuma kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi dawo musu da bayin da suka gudu duk da dokar 1850 ta tilasta hakan, wato lokacin da gwamnatin tarayya ke kamo musu bayi ba su ga laifinta ba, sai da mulki ya kuɓuce musu. Wannan hujjar ni ta gamsar da ni gaskiya.

Na biyu, kar a haɗa dalilin ɓallewa da dalilin yaƙi. Lincoln da farko haɗin kan ƙasa ya sa a gaba, shelar 'yanta bayi sai 1863.

Masu cewa gwamnatin tarayya ta yi ƙiba, wato ƙarfinta ya ƙaru a kan jihohi, su ma kar a raina su. Harajin kuɗin shiga 1861, kuɗin takarda na gwamnati 1862, ɗaukar soja dole 1863, sannan gyaran tsarin mulki na 14 a 1868 ya ɗaure hannun jihohi. Amma fa Kudun ce ta riga fara ɗaukar soja dole tun 1862, gwamnan Georgia ya yi ta faɗa da shugaban Kudun Jefferson Davis a kai.