Idan Jama'a Suka Juya wa Fasto Baya: Abin da Aka Tattara

An tattauna kan abin da fasto zai yi idan jama'arsa suka juya masa baya. Magana ta yi tsawo, ga inda aka tsaya.

1. Kusan kowa ya yarda a fara bincike kafin a ce tsanani ne. Sau da yawa ba wa'azin aka ƙi ba. Lissafin baiko ne ba a karanta wa ikkilisiya, ko an fifita wata ƙabila a zaɓen dattawa. Irin wannan gyara yake so, ba jimiri ba.

2. Mai gunaguni a bi shi bisa Matiyu 18:15-17: kai da shi tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, kafin ikkilisiya. An ja kunne ƙwarai kan habaici a kan bagadi, domin yakan raba jama'a gida biyu.

3. Gajiya ba rashin bangaskiya ba ce. A 1 Sarakuna 19, Iliya ya ci ya yi barci kafin Allah ya sāke aikensa. Hutun yini ɗaya a mako, a kuma raba aiki da dattawa.

4. Nan ra'ayi ya rabu: a zauna ko a tafi? Wasu sun kafa hujja da Irmiya, wanda ya yi shekara wajen 40 ana ƙinsa, da ɗan mishan Rowland Bingham da ya iso Legas a 1893, abokansa biyu suka mutu, sai 1902 aka kafa tashar mishan a Pategi. Daga wannan aiki ikkilisiyar ECWA ta fito. Wasu kuma sun kawo Matiyu 10:14, inda Yesu ya ce wa almajiransa su bar wurin da aka ƙi karɓarsu, suka ce neman canjin wuri ba gudu ba ne. A ganina hujjarsu tana da nauyi idan matar fasto da yara ne ke shan wahalar.