Muhawarar Zauren Unguwa: Jinin da Aka Goge a Shagon Nasiru

Nasiru Mai Waya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake. Daren Talata an fasa mini shago a Sabon Garin Zariya, an kwashe wayoyi da cinikin kwana biyu. Amma ba asarar ce ta fi ci mini rai ba. Kafin in iso daga Tudun Wada bayan asuba, mutum ya fi ashirin sun shiga sun fita. Wannan ya ɗauki kwaɗon da aka ɓalle yana jujjuyawa, wancan ya ɗaga rodin da aka yar, wata baiwar Allah har ta share ƙofar wai tana taya ni. Gilashin kanta ya yanki ɓarawon, ga jini nan a kai, wani yaro ya sa tsumma ya goge. Ni kusan kullum dare ina kallon shirye-shiryen binciken kisan kai a tashoshin waje. A can ana zuwa ake zagaye wuri da igiya, a sa safar hannu. Ɗigon jini ɗaya ko zanen yatsa a jikin kofi ya isa a kama mutum ko bayan shekara ashirin. Mu kuwa jahilci ya sa da hannunmu muke goge shaida. Inda na kai ƙara ma, tambayar farko ita ce, "Wa kake zargi?"

Hajiya Binta: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana.

Malam Sani Ƙofar Doka: Allah ya mayar da mafi alheri. Amma ka janye kalmar jahilci. Mutanen da suka baro shimfiɗarsu suka zo maka jaje su ne jahilai? A Zariya, garin da ake niƙo gari daga ko'ina a zo neman ilimi?

Nasiru Mai Waya: Malam, ba zagi nake ba. Rashin sani nake nufi.

Malam Sani Ƙofar Doka: To da sai ka ce rashin sani. Kowace kalma da nauyinta.

Aminu Samaru: Malam, a gafarce ni, jahilci ai rashin sanin abu ne, kuma kowa jahili ne a wani fanni. Ku bari in ba ku misalin abin da Nasiru ke faɗi. A 1984 wani masani mai suna Alec Jeffreys a Jami'ar Leicester ta Ingila ya gano yadda ake bambance mutum da mutum ta gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyaye. A yankin an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Aka kama wani yaro ɗan shekara 17, har ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun. Da aka yi gwajin, sai ya nuna mutum ɗaya ne ya yi kisan duka biyu, kuma ba yaron ba ne. Aka sake shi. Daga nan aka ɗebi jinin maza wajen 5,000 ba a dace ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Sai wata mata ta ji abokin yana ba da labarin a mashaya, ta kai rahoto. Aka gwada Pitchfork, ya yi daidai, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988. Da an goge shaidar tun farko, da yaron nan ne zai tsufa a kurkuku.

Kawu Iro: Ka ji ko? Ashe kunnen mace ne ya kama shi, ba na'ura ba. To mu nan abin da muke da shi ke nan, kunne da ido da mai unguwa.

Aminu Samaru: Kawu, kunne ya nuna shi, gwaji ya tabbatar. Ba abin da na ce ke nan ba?

Malam Sani Ƙofar Doka: Aminu, ka ce kowa jahili ne. Har da malamanka na allo? Wannan ita ce matsalarku mutanen Samaru. Kuna ganin in abu bai fito daga bakin Bature ba, ba ilimi ba ne. Ka buɗe Suratu Yusuf. Da me aka wanke Annabi Yusuf, alaihis salam? Da riga. Aka ce a duba, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ne shi ne mai gaskiya. Ga Mujazziz al-Mudliji, mai gane dangantaka ta kamanni a zamanin Annabi (SAW), da ya kalli ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama kawai, kawunansu a rufe, ya ce waɗannan ƙafafu sashensu daga sashe yake. Malamai sun yi bayanin ƙarina, wato alamar da ke nuna gaskiyar lamari, a littattafan fiƙihu tun ba a san Leicester ba.

Zainab Kongo: Baba Malam, ai wannan hujjar Yaya Nasiru take ƙarfafawa. Da wani ya yi sauri ya ɗinke rigar kafin a duba fa? Shi ne daidai da goge jinin nan.

Malam Sani Ƙofar Doka: 'Yata, ni ban musa amfanin shaida ba. Kalma nake magana a kai.

Bala Direba: Ni dai abin da na sani, a cikin Birni ba a fasa shago haka. Sabon Gari ne kowa da kowa, ba wanda ya san uban wani.

Ladi Sabon Gari: Bala, ka iya bakinka. A Sabon Gari aka haife ni, aka haifi mahaifina. Ɓarayin daga sama suke faɗowa? Kuma ina kuke zuwa sayayya in ba nan ba?

Bala Direba: Anti Ladi, gaskiya ɗaya ce.

Ladi Sabon Gari: Babur ɗin ƙanenka da aka ɗauke bara, a Sabon Gari aka ɗauke shi?

Usman Lauya: Ku tsaya. Nasiru, abokina, shirye-shiryen nan zaɓe suke yi. Shari'ar da aka warware suke nunawa, su matse aikin shekaru cikin rabin awa. Wadda ta gagara ba ta da daɗin kallo. Kuma gwajin kansa mutum ne ke karanta shi. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar bincike ta FBI ta Amurka ta ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya Musulmi ne a jihar Oregon. Aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifaniya suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta nemi afuwa, ta biya shi dala miliyan 2. Sannan ko da ba a goge jinin shagonka ba, da na wa za a gwada shi? Sai akwai wanda ake tuhuma ko rumbun bayanai. Shi ya sa ake tambayar wa kake zargi.

Zainab Kongo: To duk yatsun da muka dangwala wajen NIN da BVN da katin zaɓe fa, ina amfaninsu?

Aminu Samaru: Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, aka lalata ta lokacin rikicin EndSARS a 2020. Wannan kuma me za a kira shi in ba jahilci ba?

Malam Sani Ƙofar Doka: Ka sake maimaitawa ke nan da gangan.

Kawu Iro: A zamaninmu masu bin sawu ake kira, kuma ba yaron da ya isa ya taka wurin kafin su zo. Yanzu kowa waya yake ɗagawa yana ɗaukar hoto. Wayoyin da kai Nasiru kake sayar musu.

Nasiru Mai Waya: Kawu, yanzu kuma laifina ne?

Hajiya Binta: Don Allah ku bar yaron nan ya ji da abin da ya dame shi.

Alhaji Garba, shugaban zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: kowa ya yarda kalmar da Nasiru ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma Malam Sani ya kawo hujjoji daga Alƙur'ani da hadisi da ba wanda ya iya turewa. Lauya ma ya nuna mana gwajin Turawan nan ba abin dogaro ba ne, har Musulmi ya cutar. Mu a Birni tarbiyyar da muka taso da ita ita ce a girmama wanda ya zo jaje. Aminu, ka nemi afuwar Malam. An rufe wannan magana.

Usman Lauya: Ranka ya daɗe, ban ce ba abin dogaro ba ne. Cewa na yi ana iya kuskure wajen karanta shi.

Ladi Sabon Gari: Maganar Bala a kanmu fa, Alhaji? Ita ba ta shiga taƙaitawar ba?

Nasiru Mai Waya: Na duba ƙarƙashin kanta ɗazu, akwai ɓallin gilashi ɗaya da tsumman bai kai gare shi ba, jinin na nan a bushe. Ban taɓa shi da hannu ba, na sa takarda na naɗe. Usman, gobe in ka fito kotu ka biyo ta shago don Allah.