Wace kalma za mu kira mutanen Ainu da ita?

Jama'a don Allah a taimaka min, tun jiya kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Rubutu nake kan ƙabilar Ainu ta tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, wadda a 2019 aka yi doka aka kira su senju minzoku, wato mutanen da suke zaune a wurin tun kafin gwamnatin Japan ta haɗe tsibirin da ƙasarta a 1869. To da Hausa fa me za mu ce?

Na rubuta "'yan ƙasa" na goge, don wannan ai duk mai fasfo ne. "Tsiraru" ma bai yi ba, 'yan asalin Koriya da aka haifa a Japan su ma tsiraru ne amma ba su riga kowa zama ba. "'Yan asali" kuwa mai karatu a nan tunaninsa zai tafi kan takardar indijin ta ƙaramar hukuma, alhali ba wannan ake nufi ba sam.

Abin da ya sa na damu, mutanen nan sun sha wuya kan suna wallahi, an hana su kamun kifin salmon da suka dogara da shi, an hana matansu zanen da suke yi a bakinsu, yaransu aka sa su karatu da Japananci har yau harshen ya kusa ɓacewa, dokar 1899 da ta yi musu laƙabi na raini ba a soke ta ba sai 1997, kuma a 1986 firaminista Nakasone ya fito ya ce Japan ƙabila ɗaya ce kamar ma babu su.

Ƙari bayan na ga amsoshin da aka ba ni: na gode Malam da ka kawo "'yan tushe", tana da daɗin faɗa sosai. Amma ni dai na fi karkata ga ta Hajiya, "ƙabilar da aka tarar", don da ka ji ta ka san akwai wanda ya zo daga baya ya same su a wurin. Ita zan sa, har da inda zan yi maganar mutanen tsibiran Okinawa na kudancin Japan, waɗanda gwamnatin Japan har yanzu ba ta yarda ta kira su senju minzoku ba.