Murya tana riga hoto a bidiyon Kure

Ɗan Yamai: Salamu alaikum. Ina haɗa bidiyon raƙuman dawa na garin Kure, kusa da Yamai, da hotuna a Shotcut, manhajar haɗa bidiyo. Idan na fitar da shi, murya tana riga hoto, kwamfutar kuma sai cijewa. Ina gyaran yake?

Mai Kamara: Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin waya ne: ba ta riƙe adadin hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, tana hawa tana sauka, musamman in haske ya ragu. Ka fara wuce da bidiyon ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka zaɓi Constant Framerate, 30, wato hoto 30 daidai a kowace daƙiƙa, sannan ka shigar da shi Shotcut. Don cijewa kuwa, kunna Proxy cikin Settings na Shotcut, ka yi aiki da ƙaramin kwafi.

Hajiya ta Tawa: Hotunan fa, ɗana, daƙiƙa 4 ko 5 ta isa, kar ka gajiyar da mutane. Yawancinsu 4:3 ne, bidiyo 16:9, shi ya sa baƙin fili ke fitowa gefe. Ka ɗan ƙara girmansu, amma ka lura da kawunan raƙuman.

Mai Kamara: Wajen fitarwa ka zaɓi tsarin H.264, girman hoto 1080p, nauyin bayanai 8 Mbps, wajen 60 MB ke nan a minti ɗaya. A WhatsApp tura shi a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi ya dishe.