Diskina ya koma sdc, kwamfuta ta ƙi tashi

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Debian nake amfani da shi, ina da diski na biyu na rubuta /dev/sdb1 a /etc/fstab (fayil ɗin da ke lissafa diskokin da za a ɗora in kwamfuta ta tashi) ana ɗora shi a /data, lafiya lau, amma duk ranar da na kunna kwamfutar da filashi a jiki sai ta maƙale a baƙin allon nan na gaggawa, in na duba sai in ga filashin ya ƙwace sdb shi kuma diskin ya koma sdc. Meye mafita?

Malam_Tux:
Wa alaikumus salam. Ai sunayen nan sda, sdb ba na dindindin ba ne, kanel, wato zuciyar Linux, shi ke raba su, wanda ya fara gani shi zai ba harafin farko. Buga lsblk -f ko sudo blkid, ka kwafi UUID ɗin patishon ɗin, wato doguwar lambar shaidarsa, sai ka cire /dev/sdb1 ka sa UUID= da lambar a gurbinsa, sauran layin ka bar shi yadda yake. Lambar a jikin tsarin fayil ɗin take rubuce, ko ka sauya masa waya tana nan. Kafin ka sake kunnawa ka gwada sudo mount -a tukuna don ka ga ko layin ya yi daidai, kuma ka ƙara nofail a zaɓuɓɓukan layin don kar ta maƙale ranar da diskin ba ya nan.

Yar_Kernel:
Ni dai gaskiya LABEL na fi so, wato sunan da kai ka raɗa wa patishon, haruffa da lambobi 32 wa zai riƙe su a ka? sudo e2label /dev/sdb1 ajiya, shi ke nan, sai LABEL=ajiya a fstab. Tsarin fayil na ext4 na karɓar suna mai haruffa 16, na XFS 12 kawai. Sai dai fa ka kula kar diski biyu su zama suna ɗaya.

Malam_Tux:
Haka ne Hajiya, ai ita ma UUID ɗin tana karo, in mutum ya kwafi diski sukutum da umarnin dd to har lambar ya kwafa, biyun sun zama tagwaye, sai ya yi tune2fs -U random a kan ɗaya in ext4 ne. Kuma da ka yi mkfs, wato fomat, lambar ta canza, PARTUUID ce ke tsallake fomat don ita a teburin patishon take zaune.

Sabon_Shiga:
Alhamdulillah ta tashi har da filashin a jiki, na gode sosai Malam. Amma filashin lambarsa 'yar gajeriya ce, guda takwas da layi a tsakiya, lafiya kuwa?

Yar_Kernel:
Lafiya ƙalau, haka na FAT32 yake, NTFS kuma 16 za ka gani. Duk fstab na karɓa a bayan UUID=.