Wai riba ce ko kuɗin ruwa? Rigimar Siennar Abban Khadija

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Shekara takwas ina lallaɓa wata tsohuwar Golf 3, yara sun kai biyar, duk sallah in za mu je gida Gumel sai an ɗora biyu a cinya. Na ga Toyota Sienna ƙirar 2012 a wurin wani dila, shigowarta ke nan, naira miliyan 15. Na je ɗaya daga cikin bankunan nan marasa kuɗin ruwa, suka ce in ba da kashi 30 kafin alƙalami, wato miliyan 4 da rabi, sauran in riƙa biyan 420,000 duk wata har wata 36. Na zauna da biro na buga, miliyan 19 da dubu 620 za su fita daga aljihuna. Ga takaful, wato inshorar Musulunci, ga na'urar bin sawu da za a maƙala mata, ga takardun asali da za su riƙe. Sati bakwai ina sintiri da fom, jiya dila ya bugo wai ya sayar da motar. Ni dai na faɗa, sayen mota biya kaɗan-kaɗan tarko ne ga ɗan albashi, kuma ribar da suke ɗorawa ta wuce hankali.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya da mafi alheri. Amma ɗan'uwa gyara kalamanka. Ka san nauyin kalmar riba kuwa? Ka jefi mutane da cin riba a bainar jama'a, alhali akwai malamai zaune a kwamitin da ke duba musu kowace yarjejeniya.

Abban Khadija:
Malam, riba nake nufi ta Hausa, irin wadda mai tumatir yake ci a Yankaba.

Malam Habu:
To sai ka bambance. Wanda ya karanta da ido ɗaya zai ɗauka ribar da aka haramta a Baƙara aya ta 275 kake nufi.

Injiniya Sadiq:
Ai da gaskiyarsa ko wacce ya nufa. Allah gafarta Malam, ɗauki kalkuleta. An rage masa miliyan 10 da rabi, zai biya miliyan 15 da dubu 120 cikin shekara uku. Ka kai lissafin nan bankin ruwa ka ga ko ba kusa da haka za su ce ba. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Malam Habu:
Injiniya, naman da aka yanka da mushe nauyinsu ɗaya a sikeli. A murabaha banki ne yake sayen motar, ta zama tasa, sannan ya sayar maka, ya gaya maka nawa ya saya, nawa ya ɗora. Da an sa hannu farashi ya tsaya cak, ko dala ta hau ko ta sauka. In ka yi jinkiri aka ci ka tara, kuɗin sadaka ake kai su, ba sa shiga asusun banki. Bashin ruwa kuwa kuɗi aka ba ka, kuɗi suke haihuwa.

Injiniya Sadiq:
Ta zama tasa na minti nawa? Mota tana garejin dila, ko ƙurarta wani daga banki bai shafa ba, takarda ce kawai ta zagaya.

Ummu Hanif:
Ni fa abin da ya dame ni daban. A Hausa tun kakanninmu riba halak ce. Mai ƙosai tana cewa na ci riba, har addu'a ake yi Allah ya ba da riba mai albarka. Na haram ɗin kuɗin ruwa muke ce masa. Yanzu don wasu sun yi Larabci sai a hana mu kalmarmu?

Malam Habu:
Hajiya, ba wanda ya hana ki. Amma kalmar daga Larabci ta zo.

Ummu Hanif:
Wacce daga ciki? Don Larabawa ma suna da ribhu, suna da riba, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ɗana na aji huɗu a Islamiyya ya san wannan.

Malam Habu:
Allah ya yi masa albarka. Sai ki turo shi ya karɓi limancin unguwa.

Ummu Hanif:
Ba da raini na faɗa ba Malam, amma in ta yi zafi a sha ruwa. Na randa, ba na banki ba.

Abban Khadija:
Jama'a maganata fa kan sati bakwai ɗin da aka ɓata mini ne, da kuma ko ɗan albashi zai iya ɗaukar 420,000 duk wata.

Ɗan Autan Mama:
Wane banki ne Yaya? Faɗi sunansa mu yi musu ca.

Abban Khadija:
Ba zan kama suna ba.

Ɗan Autan Mama:
To an daina kuka ke nan.

Auwal Akawu:
Ni na yi irin wannan da Corolla, amma ijara muka yi. Mota ta banki ce, ina biyan haya, in na gama ta dawo sunana. Kuɗin hayar ba a ce masa riba ba, ba a ce masa ruwa ba. Tun 2012 da bankin Jaiz ya buɗe ake wannan gardama, bankin TAJ ya zo a 2019 aka ci gaba, har yau ba wanda ya sauko daga kan bakansa.

Injiniya Sadiq:
In motarsu ce, da giya ta lalace wa ya biya?

Auwal Akawu:
Ba ta lalace ba.

Injiniya Sadiq:
Ban tambaye ka ko ta lalace ba.

Kawu Sale Kakuri:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Laifin na wanda ya ce sai Toyota ne. Miliyan 15 a kan gwanjon Amurka mai shekara goma sha wani abu! Da kuɗin kafin alƙalamin nan ka ɗan ciko ka samu Fijo 406 doguwa mai lafiya, ba bashi ba fom. Mu da muka ga lokacin da kamfanin Fijo na nan Kaduna yake fitar da 504 dal a leda tun 1975 mun san mota. Na kai iyali mutum takwas Maiduguri da 504 doguwa, ko tari ba ta yi ba.

Usta Bala Ƙofar Ruwa:
Kawu, da girmanka. Kawo mini 406 guda ɗaya da fankarta ba a haɗa kai tsaye ba. Wutar motar nan aljani ce. Sienna kuwa ka ba ta baƙin mai a kan lokaci ka manta da ni. Kayanta ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa.

Kawu Sale Kakuri:
Na 406 ma ga su nan a Panteka. Ku Kanawa ba ku iya Fijo ba ne, kuna taɓa waya sai ku ce aljani.

Usta Bala Ƙofar Ruwa:
Shi ya sa motocin Kaduna suke zuwa garejina a kan janwe.

Kawu Sale Kakuri:
Kuma ka gaya masa gaskiya, injin Sienna yawanci silinda shida ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, wanda ya sayi silinda shida da albashi ya auri mace mai ci.

Ummu Hanif:
Kawu, me mata suka yi kuma? Mota ake magana.

Ɗan Autan Mama:
Ai dama duk wanda ka ga yana neman mai kujera bakwai, a binciki lamarinsa. Su bakwai ne yanzu, amma akwai Sienna mai kujera takwas. Yaya, wacce ka taya?

Abban Khadija:
Kai Auta ka kiyaye ni, Maman Khadija tana cikin zauren nan.

Maman Khadija:
Ina karantawa.

Usta Bala Ƙofar Ruwa:
Wasa a gefe, Abban Khadija, wata ƙila Allah ne ya tsare ka. Ka ɗaga kafet ɗinta ka shinshina? Da yawa daga cikinsu ambaliya ce ta ci su a can, ko hatsari, aka yi gwanjonsu, a zo nan a fesa fenti a juya mita. Kuma ka ga takardar kwastan da idonka? Tun Janairun 2017 da aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, mutane nawa aka ƙwace wa motar Kwatano a hanya saboda takardar bogi.

Malam Habu:
Komawa kan batunmu, Injiniya bai janye maganar canza wa tuwo suna ba.

Injiniya Sadiq:
Ba zan janye ba. Kawo mini mutum ɗaya da ya biya ƙasa da na bankin ruwa.

Malam Habu:
Wa ya ce maka halak sai ta fi araha?

Auwal Akawu:
Wani abokin aikina ya ce ya ji wani malami ya ce da matsala.

Malam Habu:
Wane malami?

Auwal Akawu:
Zan tambayo shi.

Alhaji Nura, shugaban zaure:
To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita kafin in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa riba a ciniki halak ce, don haka duk wanda yake ganin dila ya tsauwala sai ya tuna shi ma kwastan da dala ne suka tsauwala masa. An kuma yarda cewa banki ɓata lokaci ne, da Abban Khadija ya je da kuɗi hannu ko ya ajiye wani abu wurin amintaccen dila ya riƙa cikawa, da yanzu yana cikin motarsa. Batun Fijo da Toyota kuwa Usta Bala ya gama magana. Maganar Larabci mun bar wa malamai. Abban Khadija, ka leƙo gareji gobe bayan la'asar, akwai guda biyu da suka sauka, ɗaya ruwan toka.

Kawu Sale Kakuri:
Wa ya yarda? Ni ban yarda da komai ba.

Injiniya Sadiq:
Ajiye kuɗi wurin dila kuma wa ya kawo shi? Na duba sama ban gani ba.

Maman Khadija:
Alhaji, ruwan tokar kujera nawa ce?